Sarkin Majigin Hausari

Hausari, Potiskum.
Ranar Lahadi, da hantsi.

Zuwa ga Malam, Baban Zara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah ya kai haske kabarinka, ya sa kana cikin rahama. Na san wannan takarda ba za ta je ko'ina ba. Babu motar da ke zuwa inda kake, ba kuma za ka karanta ta ba balle ka yi mini dariyar yadda layukana ke gangarawa kamar yadda ka saba. Amma kai ka koya mini rubutun nan a bayan takardun da kake yanka samfurin riga, saboda haka kai za ka sha shi. Tun jiya bakina bai rufu ba, Malam. Na gaya wa maƙwabta, na gaya wa mai kawo ruwa, har awaki na gaya wa. Saura kai, kuma kai ne mai labarin.

Na so in faɗa maka kai tsaye, sai na tuna yadda ka tsani mai fara labarin fim daga ƙarshe. To zan bi shi daki-daki. Yau kai za ka zauna a tabarma, ni ce a tsaye.

Gida lafiya lau. Modu ya zauna a kan kekenka na ɗinki, hannunsa ya fara faɗawa, wuyan riga ne kawai har yanzu yake ba shi wahala. Falmata tana makarantar kwana, sai hutu muke ganinta. Zara, wadda ka bari tana tatata, ta shiga aji ɗaya, bakinta kuwa naka ne sak, ba ya hutawa. Darbejiyar da ka dasa ta wuce katanga. Bara aka kawo wutar lantarki unguwarmu, tana zuwa ta tafi yadda ta ga dama. Ɗakin nan na kusa da zaure wata nas ce a ciki yanzu, Sista Fibi, mutuniyar ƙasar Jos. Mace ce mai kirki, ranar Lahadi ta tafi cocinta, ranar Salla kuma ita ce a gaba wajen tuƙa tuwo. Ita ta shigo mana da talabijin.

Talabijin, Malam! Akwatin nan da ka ce ka taɓa leƙawa ta tagar wani kanti a Kano, na ce ka fara. Ga shi yau a tsakar gidanka. Da ƙarfe biyar na yamma Sista takan fito da shi ta ɗora a kan tebur a ƙofar ɗakinta, a shimfiɗa tabarmi. Tashar tana da nisa da mu, shi ya sa aka ɗaura eriya a kan doguwar gora, aka ɗaure gorar a jikin darbejiyarka. In iska ta kaɗa ta, hoton ya watse ya koma kamar tsakin gero, sai wani ya je ya murɗa gorar, mu kuma muna ihu daga tabarma, a ƙara, a rage, a tsaya haka.

Kafin in ci gaba, akwai maganar da ta fi shekara tana cina, ban gaya wa kowa ba. Na fara manta fuskarka. Wallahi ba da son raina ba. Muryarka tana nan, tarinka na asuba yana nan, hannuwanka ma ina ganinsu har da tabon almakashi na babban yatsa. Amma in na rufe ido na nemi fuskar, sai in ga hula, in ga gemu, tsakaninsu babu komai. Shekara huɗu kacal! Wace irin mata ce ke manta fuskar mutumin da ta zauna da shi shekara goma sha huɗu? Zara takan tambaye ni kamanninka, in ce mata dogo ne, baƙi, mai fara'a. Rabin mazan Potiskum ke nan.

Kuma kai ma da laifinka. Ko hoto ɗaya ba ka bar mana ba. Ranar sunan Zara har mai hoto na sa aka kira, ya kafa ƙafafun na'urarsa, ya rufe kansa da baƙin ƙyalle, aka waiga babu kai, ka zame ka koma shago. Da ka dawo ka ce wanda ya yi motsi a majigi ba ya tsayawa ƙiƙam kamar an kama shi da sata, mai son ganinka ya jira fim ɗinka. Kwana biyu ban yi maka magana ba, ka tuna?

Zan zo kan fim ɗin naka. Bari in fara tuna maka kotunmu.

Matar aure ba ta zuwa gidan silima, ni ma ban taɓa roƙo ba. Amma tun watanmu na farko ka lura da yadda nake kasa kunne in kana ba abokanka labarin fim a zaure, har miya takan kama. Sai ka fito da dabara. Duk ranar da ka je silima, washegari bayan la'asar ka rufe shago da wuri, ka zo ka yi mini fim ɗin tun daga farko har ƙarshe a tsakar gida, kai kaɗai. Turmi ne dokinka. Muciyata ce bindiga, in kuma na takobi ne ta zama takobi. In na Indiya ne ka yafa gyalena, ka laɓe bayan randa kana leƙowa, kana waƙa da yaren da babu mai shi a duniya. Mugun cikin fim kullum da Hausar kawunka na Borno yake magana, jarumi kuma da ta Kanawa. In an harbi mutum, kai ne mai harbin, kai ne mai faɗuwar. Faɗuwar nan taka! Ka dafe ƙirji, ka juya sau ɗaya, ka zube, ƙafar hagu ta tashi sama, takalmi ya yi nasa wuri. Sannan ka yi lamo. Can sai ka buɗe ido ɗaya a hankali ka leƙo ko ana dariya.

In ka gama sai a zauna kotu. Farar ƙwarya ta yabo, jan kwano na kushe, kowa da ƙwallon dabino ɗaya a hannu. Dokokinka biyu ne. Ba a jefawa sai an faɗi dalili, kuma ba sani ba sabo, ko da uban mutum ne ya yi fim ɗin. Da fari ni kaɗai ce alƙaliya, daga baya yara suka tasa, ga ƙaninka Kyari da ba ya fashin kotu saboda sai an ci dabino ake samun ƙwallo. Kai ka sa mini suna mai jan kwano, kuma na ci sunan. Na kushe fim saboda doki ya yi gudun yini guda ba a ba shi ruwa ba. Na kushe wani saboda matar ta yi ta kuka tun farko har ƙarshe ba ta taɓa ɗora tukunya ba, me mutanen gidan suke ci? Kai kuwa kullum kana bayan wawan fim. Kakan ce wawa shi ke ɗauke da wasa, mai hankali tsayuwa kawai yake yi ya gyara riga. Ni kuma in ce kana kare danginka. Finafinan da na yanke wa hukunci ba su ƙirguwa, ban ga ko ɗaya da idona ba.

To yanzu ga su suna zuwa da ƙafarsu har gida. Mutanen tashar ba su da sababbin abubuwa da yawa, sai su cika lokaci da tsofaffin finafinai, irin waɗanda ka gani tun muna amarci. Malam, asirinka ya tonu! Wani na kaboyi ya zo, ko minti biyar ba a yi ba na gane shi. Na gyara zama, na ce wa Sista ta zuba ido, yanzu mai baƙar hular nan zai faɗa rijiya. Muka jira, muka jira, har aka rubuta ƙarshe. Babu rijiya a fim ɗin gaba ɗaya. Kai ka haƙa ta! Wani kuma na rantse mata akwai akuyar da za ta cinye wasiƙar sarki, akuyar ma ba ta zo ba. Ka sa na ji kunya a gaban baƙuwa, yanzu in na ce ga abin da zai faru sai Sista ta ce in bari mu gani tukuna. Amma tsakani da Allah, da rijiyar ya fi daɗi.

Akwai kuma na Indiya, na matar nan da ɗanta ya ɓace a tashar jirgin ƙasa. A tsakar gidan nan an ga yaron, ya dawo da girmansa ya rungume uwarsa, har na jefa a farar ƙwarya, abin da ban saba ba. A talabijin ba a gan shi ba. Haka matar ta tsufa tana zuwa tasha tana duba fuskokin mutane. Na zauna na yi tunani, sai na gane lokacin da ka yi mini shi ko arba'in ba a yi ba da rasuwar ɗanmu na biyu. Me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba? Ranar ban tsaya jin labarai ba, ɗaki na shige.

Wasannin ban dariya kuwa, da kana nan da mun sha musu. Akwai na Turawa da ake jin mutane suna ƙyaƙyatawa amma ba a ganinsu. Na tambayi Sista ina suke zaune, ta ce dariyar ma naɗo ta aka yi aka ajiye, ana barbaɗawa inda ake so kamar gishiri. Ka ji fa! Mutum ya yi abin dariya, ya kuma taho da masu yi masa dariyar daga gida, to mu me muka zo yi? Wannan jan kwano ne, ba sai an ja magana ba. Na Hausa na mutanenmu sun fi shiga raina, sai dai ihu ya yi musu yawa, kowa yana magana lokaci guda kamar a kasuwar shanu, kuma suna fara dariya tun kafin su kai wurin dariyar. Wanda na fi so tsoho ne tukuf, babu magana a cikinsa sam, wani siririn Bature ne da tsani a kafaɗa, duk inda ya juya sai ya kwashe wani. Shi ba ya dariya ko kaɗan, shi ya sa mu muke yi. Amma duk hukuncin nan a zuci nake yankewa. Tun ranar da aka fita da kai na kife ƙwaryar da kwanon a ƙarƙashin gado.

Yanzu ga maganar fim ɗinka. Ka ce shekarar da aka sami mulkin kai, kana koyon ɗinki, kun je cin kasuwar Gadaka da maigidanka, sai ga masu ɗaukar majigi da motarsu suna neman wanda zai yi wasa a fim na koya wa manoma aiki da garmar shanu. Ka ce a cikin taro suka nuna ka, kwana biyu kuna yi a wata gona, kuma kai ne babban ɗan wasan. Shaidarka ɗaya ce, maigidan naka, shi kuwa ya koma ƙasar Chadi tun kafin aurenmu. Abin da ya sa na yi shakka shi ne, kai da kake yi mini fim ɗin kowa da kowa, wannan ɗaya ka ƙi yi. Na roƙa, na yi fushi, ka ce a'a. Ka ce majigi a fili ake nunawa, mata ma suna zuwa, wannan kaɗai ne zan iya gani da idona, ba za ka ɓata mini shi ba.

Duk lokacin da motar majigi ta shigo gari tana shela, sai ka sa in yi kwalliya, mu ɗauki tabarma mu tafi fili. A nuna na sauro. A nuna na tonon masai. A nuna na ƙidayar jama'a. A sake nuna na sauro. Kai kana ɓangaren maza kana miƙa wuya, in an tashi ka ce wata rana. Ban san a karo na nawa ba ne, muna dawowa gida, na kira ka Sarkin Majigi a gaban Kyari. Ya kwashe da dariya, washegari ya kai sunan kasuwa. Kafin mako ya zagayo duk Hausari ta ɗauka, har yara suna bin ka da shi. Ka yi ta amsawa kana jinjina hannu, kowa ya ɗauka daɗi kake ji. Ni na san ba haka ba ne, don daga wannan shekarar ba ka ƙara cewa in yi kwalliya in motar ta zo ba. Na gani, na yi shiru. Har ka kwanta ciwon nan na kwana shida ina cewa gobe zan ba ka haƙuri. Ban bayar ba.

To, ranar Larabar nan da ta wuce, Sista tana tsintar shinkafa a gaban talabijin, ni ina can wajen awaki. Da na dawo sai ta ce mini, kamar ba komai ba, wai an yi sanarwa ranar Asabar da biyar da rabi za a nuna wani tsohon fim na majigi a kan garmar shanu, kuma ta ji kamar sun ambaci Gadaka. Ita ba ta san labarin ba, bayanka ta zo. Malam, a kan turminka na zauna, da dusa a hannuna.

Kwana uku ban ci abincin kirki ba. In na ce zan gaya wa mutane sai in ce, in ba ka ciki fa? In wani fim ɗin ne daban? Sai a ce ga shi har bayan ransa ƙaryar ta tabbata, ni kuma in rasa hanya ɗaya da ta rage mini ta ganin fuskarka. Na yanke ba zan gaya wa kowa ba sai Kyari. Kai ma ka san wannan wauta ce, mutumin da ko kaza ya saya sai an ji har unguwar Dogo Tebo. Ga damina, ga wutar da ake ɗaukewa ba sallama. Na yi addu'ar da ban yi ba ko lokacin jarrabawar Falmata. Rabin awa kawai na roƙi Allah, ya riƙe mana wuta, ya riƙe mana iska.

Jiya tun la'asar gida ya cika. Matan layinmu sun cika tabarmi, tsofaffin abokanka na kasuwa sun tsaya daga bakin zaure, yara a kan katanga. Wasu don ƙaunarka suka zo, wasu kuma na san dariyar da suka fara tun kana raye suka zo ƙarasawa. Ana saura kaɗan a fara sai hadari ya taso daga gabas, iska ta kaɗa, igiyar da ta riƙe gorar ta tsinke, hoton ya tafi. Innalillahi! Kyari, da girmansa da tumbinsa, dillalin shanu guda, ya tuɓe babbar riga ya ruga ya rungumi gorar. Muka yi ta ba shi umarni har hoton ya dawo tas. Amma da ya saki sai ya watse. Ga shi darbejiyar a bayan akwatin take, daga can ba a ganin komai. Modu ya tashi zai karɓe shi, Kyari ya daka masa tsawa ya ce ya koma ya zauna ya ga ubansa.

Aka fara. Kiɗa, rubutun Turanci, sai muryar wani mai bayani da Hausa. Ga gona, ga bishiyar kuka, ga manomi mai hankali ya fito da farar riga fes sai ka ce ɗaurin aure za shi, shanunsa biyu a jere, kunyoyinsa a miƙe. Na matsa har hancina ya kusa taɓa gilashin. Ba kai ba ne. Gajere ne, mai faɗin fuska. Ka ce kai ne babban ɗan wasa, ga babban ɗan wasa, kuma ba kai ba. Na ji wata a bayana ta yi gyaran murya, wata ta amsa mata. Na shiga duba mutanen da ke tsaye a gefen gonar ɗaya bayan ɗaya, ko kana cikin 'yan kallo, ko da kunnenka ne in gani.

Ina cikin haka sai mai bayani ya ce ga kuma maƙwabcinsa wanda ba ya jin shawara. Wani siririn saurayi ya shigo, ba gemu, hula ta rufe masa kunnuwa, ƙafar wando ɗaya a naɗe. Ya haɗa bijimi da jaki a karkiya ɗaya. Gida ya ɗauki dariya. Ni ko kallon kirki ban yi masa ba, kai nake nema, har haushinsa nake ji don ya tare mini mutanen baya. Bijimin ya ja gaba, jakin ya kafe. Saurayin ya lallashi jakin, ya yi masa raɗa a kunne, ya cire hula ya durƙusa yana roƙonsa. Yana miƙewa ya kama garmar, bijimin ya fizga, hannun garmar ya daki ƙirjinsa.

Ya dafe ƙirji. Ya juya sau ɗaya. Ya zube a tsakanin kunyoyi, ƙafar hagu ta tashi sama, takalmi ya yi nasa wuri. Malam! Ban san lokacin da na miƙe ba. Ya yi lamo, na'urar ta matso kusa da fuskarsa, ni kuwa na riga na san abin da ke tafe. A hankali ido ɗaya ya buɗe, ya leƙo mu.

Ihun da na yi, Sista ta ce ko a ɗakin haihuwa ba ta taɓa jin irinsa ba. Ina ta faɗin kai ne, kai ne, wallahi kai ne. Na sunkuci Zara na kai ta bakin gilashin ina nuna mata. Modu, da ke ganin kansa babba, ya ɓoye fuska a cikin hula. Abokanka suka manta da bakin zaure, suka kutso har tsakiyar mata suna kabbara. Masu gyaran murya su suka fi kowa tafi. Kyari daga bayan darbejiya yana ta tambaya da ƙarfi me ya faru, babu mai lokacin amsa masa, bai kuma saki gorar ba. Ka ƙara faɗuwa sau biyu kafin a gama, jakin kuma ya tafi da hularka a baki.

In gaya maka gaskiya, fuskar da na gani ba ita na rasa ba. Wannan yaro ne, ban taɓa saninsa ba, lokacin ko sunanka ban ji ba. Yanzu na girme shi nesa ba kusa ba, Modu ma ya kusa kamo shi. Amma da idon nan ya buɗe sai sauran suka zo da kansu. Na ga inda gemun zai fito. Na ga layuka biyun nan na goshi da ɗinki zai kawo maka. Na ga haƙorin da za ka ɓalle a kan rake. Fuskarka ta dawo mini gaba ɗayanta, a kwance a tsakar gidan nan, da ƙasa a gefen kumatu.

Hadarin ya wuce bai zubar ba, wutar ma sai da aka gama aka ɗauke ta, Allah abin godiya. Maza suka fita, aka bar mata da yara. Sai ga Kyari ya taho hannuwansa a sage, ya zauna a tabarma, ya ce shi bai ga komai ba, a ba shi labari. Kowa ya fara magana lokaci guda. Na ce a yi shiru, ba haka ake yi a gidan nan ba. Na ɗaure gyale a ƙugu, na jawo turmi ya zama bijimi, muciya ta zama garma, Zara ta dage ita ce jaki. Na yi masa fim ɗin, Malam, ni Yagana, tun daga farko har ƙarshe. Na dafe ƙirji, na juya, na zube. Ƙafata ba ta tashi kamar taka ba, kuma ƙuguna har yanzu yana ba ni labari. Kyari ya yi dariya har ya kife, daga nan dariyar ta juye masa, ya rufe fuska da rigarsa. Ya ce shi ya kai sunan kasuwa, shi zai koma ya gaya wa kowa sarautar ta gaskiya ce. In Falmata ta dawo hutu sai na sake faɗuwar nan, Allah ya taimaki ƙasusuwana.

Daga nan na shiga ɗaki na jawo ƙwarya da kwano, na kakkaɓe su. Sista ta kawo dabino, na karanta wa baƙi dokokinka. Kowa a farar ƙwarya ya jefa. Sista ta ce saboda jakin. Zara ta ce saboda takalmin Baba ya tashi sama. Kyari ya ce shi wanda na yi ya gani, shi yake yabo. Ni ce ta ƙarshe, kowa ya zuba mini ido.

A jan kwano na jefa. Da ka ji ƙarar ƙwallon shi kaɗai a ciki! Mata suka yi mini ca, wai ba ni da imani. Amma kai ka kafa doka, ba sani ba sabo, ga kuma dalilaina. Mai bayanin ya cika surutu, yana faɗin abin dariya kafin ya faru. Manomi mai hankali kamar an dasa shi, ko shanunsa sun fi shi motsi. Kai kanka ka yi ta satar kallon na'ura, kuma kowa ya ga kana danne dariya lokacin da jakin ya ɗauki hular. Babban laifin kuwa, fim na rabin awa, suka ba mai farar riga kusan duka, kai suka ba ka ɗan abin da bai isa a tafasa shayi ba. Ina aka taɓa wannan rashin adalci? Da sun san aikinsu da sun bar shi da shanunsa sun bi ka. Gaskiyarka, wawa shi ke ɗauke da wasa. Kai ne babban ɗan wasan, ba ka yi ƙarya ba ko ta kalma ɗaya. Ni ce na yi maka ba daidai ba, ka yafe mini.

Sista ta ce za ta rubuta wa mutanen tashar su sake nunawa. Ko su yi ko kada su yi, hankalina ya kwanta. Yau da na idar da salla na rufe ido don in gwada. Fuskar tana nan. Na tambayi Zara kamannin babanta, ta kwanta a ƙasa ta buɗe ido ɗaya.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. A gonar nan ta Gadaka, da ka buɗe ido ka leƙo, wa ke gabanka? Baƙi ne da na'urarsu, suna sauri su gama su wuce. Ka dawo gida ka jira, shekara da shekaru kana shimfiɗa tabarma a filin majigi, ka tafi ba ka sami amsa ba. To ga ta na kawo maka, ko da ta makara. An yi dariya, Malam. Abokanka sun yi, 'ya'yanka sun yi, Zara ta yi har da shaƙuwa. Ni ma na yi, da hawaye da majina, a gaban kowa. Kana iya rufe idon yanzu ka huta.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haɗa mu a gidan da ba a rabuwa. Sai mun zo.

Taka har kullum,
Yagana mai jan kwano,
matar Sarkin Majigi.